Kamu Takwas na Farin Yadi

Na karanta tarihin daulolin duniya gwargwadon abin da ɗakin karatu na makarantar horon malamai ya yarda ya ara mini, na kuma kai ga wani hukunci da ban ga masanin da ya riga ni ba: babu abin da ya yi wa ɗan Adam hidima kamar farin yadi. Da shi ake karɓarsa ran da ya zo. Da shi sarakuna ke naɗe kai su zama sarakuna. In yaƙi ya ƙi ci, shi ake ɗaura wa sanda a ɗaga, dubban mutane su koma gida da ƙafafunsu. Ran tafiya kuwa, daga mai gari har mai kiwon jaki, ba mai fita da komai sai shi. Takobi ya sami mawaƙa, alƙalami ya sami nasa, yadi ko sannu ba a ce masa ba. Ni dai na san darajarsa, domin a gabana kamu takwas nasa suka raba gidanmu.

Bana ruwa ya yi yawa a Sinja. Bahar, wato kogin nan namu da littattafai ke kira Shuɗin Nilu alhali tun da nake ban taɓa ganinsa shuɗi ba, ya hau har ya leƙo lambunan mangwaro. Ina zaune a rumfa ina sauraron kwaɗi, jikata Zainab ta karanta mini wani labari daga wayarta. Wai wata ƙasa a Turai ta karɓe aikin ceton waɗanda teku ya rutsa da su daga hannun sojojinta, ta ba 'yan kwangila. Jiragen masu saukar ungulu suna nan, fenti da ubangida kawai aka canza musu. Ta tambaye ni ko wannan ci gaba ne. Na ce mata mu nan mun riga su da shekara hamsin, sai dai ba a sa mu a waya ba.

Ƙauyenmu yana kudu da Sinja, a bakin bahar, kuma gaban ƙauyen akwai wani tsibiri mai tsawo, mai ƙusumbi a tsakiya kamar bayan sa. Gidaje shida ke da gona a kansa, mu muke da ƙusumbin. Ƙasar wurin baƙa ce mai maiƙo, in ka jefa ƙwayar masara ka juya baya sai ta riga ka tashi. Kowace damina mukan haye da kwalekwale mu yi shuka, mu koma noman farko, mu koma maimai. Gefen tsibirin ruwa kan cinye shi duk shekara, amma ƙusumbin ba a taɓa jin ya nutse ba. Haɗarin ba nutsewa ba ne. Haɗarin shi ne bahar ya cika kana can, ya raba ka da gida sati ɗaya ko biyu, da abincin kwana huɗu.

Shekarun da na yi wayo, sojoji ne ke lura da wannan. Da an shiga tsakiyar damina sai su kafa tanti a mashigi, da jirgin ruwa mai inji, a shekarun ƙarshe ma har da tayyara mai saukar ungulu da suke kira daga bariki in abin ya fi ƙarfin inji. Shugabansu Shawish Tiya ne, wato Saje Tiya, wani dogon mutum daga duwatsun Nuba, mai murya kamar ana jan tukunya a ƙasa. Ba zan yi masa ƙarya ba don ya mutu: shi da yaransa sun ci kajin ƙauyenmu fiye da muzuru. Ya taɓa marin kawuna a gaban matansa. Duk wanda ya ciro daga ruwa sai ya zage shi tun daga tsibiri har gaɓa. Amma ya san mu. Ya san Bahaushe yana iya kwana uku bai ci ba, ka tambaye shi ya ce lafiya lau, sai alheri. Saboda haka ba ya tambaya. Kowace safiya yakan hau kan tankin man jirgi da madubin hangen nesa ya ƙirga hayaƙi. Bukkar da ba ta yi hayaƙi safiya biyu a jere ba, can zai nufa, yana tafe yana cewa da Larabci, da sunan da ake kiran mutanenmu da shi a nan: "Ya Fallata, in za ku mutu ku faɗa wa mutane mana."

A shekara ta biyu da fara koyarwata aka ce sojoji suna da aikin da ya fi ƙirga hayaƙin manoma. Da rani sai ga wata farar mota a ƙofar gidan shehun ƙauye, wato dagacinmu. Wani mukawil ne, ɗan kwangila, mai tsabta, da jaka a hammata. Ya cire takalmi kafin ya hau tabarma. Ya gai da tsofaffi ɗaya bayan ɗaya, ya sha ruwanmu bai duba ƙoƙon ba. Ya ce daga bana ceto ya koma hannun kamfaninsu, kuma za a yi shi bisa tsari, ba bisa zato ba. Tayyara za ta riƙa bin bahar daga Makwar zuwa kudu kowace rana. Kowane gida mai gona a tsibiri za a ba shi kamu takwas na farin yadi. In an shiga matsala, a shimfiɗa shi a fili, a danne da duwatsu. Daga sama za a gani. Babu zagi, babu mari, babu kaza. Ni na fassara wa tsofaffi, na ma ƙara gishiri, domin a lokacin duk abin da aka kira tsari ina ganin ɗan'uwana ne.

Yadin kuwa mai kyau ne, sai ka ji shi a yatsa. Nan kamfani ya yi kuskuren da duk ɗan ƙauyenmu zai iya gaya masa kyauta. Ba a ba talaka sabon yadi kamu takwas da rani a ce ya ajiye sai damina. Kafin sallah ƙarama, na gidan Ɗan'iya ya zama wanduna uku. Na gidan liman ya zama rawani. Namu, Inna ta riƙe shi wata biyu cikin akwati tana fama da zuciyarta, sannan ta tuna ɗanta malami ne yana shiga aji da riga mai faci, ta kai wa tela. Na samu jallabiya wadda har yau ban sa irinta ba. Da tayyarar ta wuce ta kan filin idi a shekarar nan, da ta sauka ta kwashe garin gaba ɗaya.

Da hutun makaranta ya zo na koma gida maimai. Na ninke jallabiyar na sa a akwati, domin ba a noma da ita, kamar yadda Baba ya rataye rawaninsa ya ɗauki malfa. Mu shida muka haye. Baba. Yayana Haruna, ɗan farin gidanmu, wanda Baba bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai "kai" ko "wancan". Matarsa Rakiya, da za ta yi mana girki. Ɗiyarsu Hajara, 'yar shekara biyar, ita ma 'yar fari, wadda saboda haka iyayenta ke yi kamar a hanya suka tsince ta. Sai ni. Sai Kaka, Malam Sanda, mahaifin Baba, wanda ba ya iya riƙe fartanya amma ya rantse in ba ya nan za mu nome masara mu bar ciyawa.

Kaka ya baro ƙasar Hausa da ƙafa yana saurayi, ya nufi Makka. Da ya iso bahar ya ce bari ya ɗan huta. Hutun ya kai shekara sittin. Abin da bai taɓa rabuwa da shi ba shi ne gafakar fata, cikinta likkafaninsa. Ya taɓa ba wani maniyyaci ya tafi da yadin aka wanke shi da Zamzam aka dawo masa da shi. Yakan ce yadin ya yi hajji, saura mai shi. Duk inda zai kwana sai ya tafi da gafakar, ko da gidan suna ne a ƙauyen gaba. Hajara ce kaɗai ke taɓa ta, domin ita yake kira "matata" da wasa, kuma kullum suna cikin rigimar ko ta dafa masa tuwo ko ya sake ta.

Kwana uku na farko sun tafi yadda aka saba. Da asuba Rakiya ta dama kunu. Mu uku mu jera a kunya, Baba a gaba, ba ya magana sai in ya ga an sare masara. Rana ta hau, tururi ya tashi daga ƙasa, gumi ya shiga ido. Rigunanmu na aiki sun riga sun zama kalar laka, ruwan bahar kuwa a wannan lokaci ko madara ka wanke da shi sai ta yi ja. Da azahar tuwon dawa da miyar busasshiyar kuɓewa. Da la'asar hadari ya taso daga gabas, mu ruga bukka. Sauran gidaje biyar sun gama nasu sun koma. Mu gonarmu ta fi girma, Baba ya ce kwana biyu kawai suka rage.

Ran na huɗu muka tashi muka ji bahar ya canza murya. Ba ƙara ba ce, wani gurnani ne da ake ji a tafin ƙafa. Ruwan ya yi kauri, yana wari kamar sabon kabari. Itatuwa sukutum suna wucewa da saiwoyinsu a sama, daga duwatsun Habasha, wani da gawar saniya a maƙale. Muna tsaye muna kallo wani kututture ya zo ya bugi kwalekwalenmu, ya tsinke igiya, suka tafi tare kamar sun yi alkawari. Gaɓar ƙauye da muke jin kiran salla daga cikinta ta koma wani zare can nesa. Muna hango mutane kamar tururuwa. Su ma suna hango mu. Daga baya na ji Inna ta je wurin shehu, shehu ya rubuta takarda, aka ba wani ya hau jaki ya nufi Sinja, a kan hanyar da laka ke cire wa jaki kofato.

A ranar Hajara ta fara zawo.

Garin dawa ya rage na kwana biyu, Rakiya ta ja shi ya kai huɗu, har kunun ya koma ruwan da aka nuna wa gari. Masara ba ta yi ido ba, sai dai mu tsotsi kara. Muka ci ganyen kabewa, muka ci ɗanyar kuɓewa mai ƙaiƙayi. Itace ya jiƙe, ashana ta jiƙe. Safiya biyu bukkarmu ba ta yi hayaƙi ba, na tsinci kaina ina duban mashigi ina neman dogon mutum a kan tanki. Yunwa tana da tsarinta ita ma: ranar farko ciki ke kuka, ta biyu kai ke ciwo, ta uku sai mutum ya ji ya yi sauƙi kamar an wanke shi, ya riƙa jin haushin tarin ɗan'uwansa.

Yarinyar tana sha tana fitarwa. Idonta ya faɗa. Rakiya tana wanke ta, tana juya mata baya in muna kusa, don kada a ce tana nuna so. Yaya yakan zo bakin bukka ya tambayi ko an ga wuƙarsa, ya leƙa, ya tafi. Sau goma a yini yana neman wuƙar da ke ɗaure a ƙugunsa. Ya gwada iyo sau ɗaya, ruwa ya yi wasa da shi ya tofo shi a ƙarshen tsibiri da goshi a fashe.

Ba wanda ya ambaci yadin kamfani. Kowa ya san inda yake, kowa ya san wanda ya sa shi ran idi. Kaka ne, da zazzaɓi ya riga ya kwantar, ya jawo gafakarsa ya turo wa Yaya da ƙafa.

"Ku shimfiɗa shi," in ji shi. "Matata ba ta da lafiya, in ta mutu wa zai ba ni tuwo? Amma aro na ba ku. Aro, kun ji ko?"

Muka share fili a kan ƙusumbin, muka shimfiɗa, muka danne da fartanyu da duwatsun murhu. Ban taɓa ganin fari irin wannan ba. Cikin duk wannan laka da kore da ja, yana kwance yana ɗaukar ido. Shekara da shekaru a gafaka sun ci gefensa, amma kamu takwas ɗin suna nan, da ƙyar. Yaya ya zama mai gadinsa. In hadari ya taso ya naɗe ya sa cikin riga, in an ɗauke ya mayar. Tsuntsu ya yi kashi a kai, ya goge da yawu. Kwana uku muna kallon sama har wuyanmu ya ƙage. Mun ga shirwa, mun ga balbela, mun ga gajimare iri-iri. Kamfanin da ke bin bahar kowace rana bai biyo ba.

Ran na takwas da asuba Kaka ya cika. Bai wahalar da kowa ba. Baba ya rufe masa ido, ya ɗaure masa haɓa, ya fita ya yi alwala. Sannan ya dubi wajen ƙusumbin.

Yaya ya ga inda yake duba, ya tashi ya tsaya a hanya. Ya roƙi a jira. Ya ce tsohon da kansa ya bayar. Baba, yana kallon ƙasa, ya ce aro ya bayar, kuma mai shi ya zo karɓa. Yaya ya ce to a jira zuwa gobe. Baba ya ce a wannan zafi, gobe ba mutum za mu binne ba. Na shiga tsakani da dabarar malamai na ce a raba yadin biyu. Baba ya karyo karan masara ya auna gawar, ya je ya auna yadin a gabanmu. Kaka dogo ne. Rabi ba zai rufe shi ba, kuma mukawil ya ce abin da bai kai kamu takwas ba ba a ganinsa daga sama. Ni na fassara wannan ma.

Aka jira har rana ta take. Ƙudaje suka gano bukkar. Rakiya ta fito da yarinyar inuwar kabewa, tana ɗiga mata ruwa a baki da yatsa. Da azahar Baba ya miƙe. A nan Yaya ya yi abin da ban taɓa ji a gidanmu ba.

"Baba, Hajara," in ji shi. "Ɗiyata Hajara. Tana numfashi. Shi ya gama nasa."

Ya kira sunan 'yar fari a gaban ubansa, sau biyu. Rakiya ta rufe fuska. Baba ya yi kamar an watsa masa ruwan zafi, amma abin da ya ce shi ne: "Ubana ya ɗauki yadin ga shekara sittin. Ba ni sa shi rami tsirara kamar jaki." Sai ya juyo gare ni. Ya ce ni ne na yi karatu, in faɗi abin da littafi ya ce.

Na san abin da littafi ya ce. Na san kuma cewa littafin ya ce rai yana gaba da gawa, kuma in babu yadi ana rufe mamaci da ciyawa, an yi wa waɗanda suka fi Kaka. Duka biyun suna kaina, shafi da shafi. Amma kwana uku yadin yana shimfiɗe ba abin da ya zo, ga wari ya fara, ga idon Baba a kaina, ga kuma wani abu da ban gane ba sai da na tsufa: muddin yadin Kaka yana kan ƙusumbin, kowa yana tuna jallabiyata. Na gyara murya na ce likkafani haƙƙin mamaci ne, shi ake fara fitarwa daga abin da ya bari, kafin magada. Na faɗe shi da Larabci, sannan na fassara, yadda ake yi a aji.

Baba ya je ya ɗage fartanyun ɗaya bayan ɗaya. Wurin da yadin ya kwanta ya bar alama, ciyawa ta yi rawaya.

Muka yi wa Kaka wanka da jan ruwa, muka naɗe shi. Yaya ne ya haƙa kabarin, shi kaɗai, ya hana kowa taɓa fartanya. Ruwa yana tsattsafowa daga ƙasan ramin. Muka yi salla mu uku, muka sa shi, muka jera kara, muka tura ƙasa. Baba yana daidaita kan kabarin da tafin hannu sai muka ji wani abu kamar ana bugun shinkafa can arewa.

Tayyara ce, ta zo ƙasa-ƙasa, tana bin tsakiyar ruwa. Rawaya ce, da wasu dogayen ƙarafa a gefe da gefe, waɗanda Yaya ya ce ta nan ake hawa. Muka ruga ƙusumbin. Muka cire rigunanmu masu kalar ƙasa muna kaɗawa a kan ƙasa. Rakiya ta ɗaga yarinyar sama da hannu biyu. Na yi ihu da Larabci, har da Turancin da nake koya wa yara. Na ga kan matuƙin, na ga hularsa. Inuwarta ta bi ta kan wurin da ciyawa ta yi rawaya. Ba ta rage gudu ba. Muka tsaya muna jin ƙarar tana ƙanƙancewa wajen kudu, har gurnanin bahar ya cinye ta.

Yaya ya koma kabarin da fartanya. Baba ya riga shi, ya zauna a kai. Sun daɗe a haka, ɗaya a tsaye ɗaya a zaune, har Yaya ya yar da fartanyar ya tafi ƙarshen tsibiri.

Hajara ta ƙara kwana biyu. Ran na goma da hantsi ta tambayi ko mijinta ya ci tuwo, bayan haka ba ta ƙara magana ba. Rakiya ta kwance zanenta na sama, mai furanni ja da kore, aka naɗe ta a ciki. Baba ya ce a sa ta kusa da Kaka. Yaya ya ɗauke ta ya kai ta can ɗaya gefen gonar. Washegari ruwa ya ja baya kamu biyu, wasu masunta suka yi ƙarfin hali suka zo suka ɗauke mu. Ba su zage mu ba. Na so a ce sun zaga.

Masarar shekarar ta yi kyau ƙwarai. Ni da Baba muka girbe ta. Yaya ya kwashe matarsa ya koma Damazin tun kafin kaka, ya zama lebura, daga baya ya buɗe shago. Bai sake taka ƙauyen ba. In na je wurinsa yakan karɓe ni, ya sa a yanka kaza, ya kira ni Malam, ya tambaye ni ko littafi ya ce wani abu sabo. Baba kuwa bai ƙara noman tsibiri ba, kuma duk lokacin da tayyara ta wuce yakan shiga ɗaki. Mutanen ƙauye suka rabu biyu a kan maganar, aka yi shekaru ana yanke hukunci a gindin bishiya. Wasu suka ce tsohon ya yi daidai. Wasu suka ce sa'a ɗaya kawai, da an ƙara sa'a ɗaya. Wannan sa'a ɗayar ita muka ci muka sha a gidanmu shekara goma sha ɗaya. Jallabiyar kuwa na ci gaba da sa ta har ta mutu, domin ba ni da wata.

Da Baba ya kwanta ciwon ajali aka aika wa Yaya. Bai zo ba. Ya ba wani direban lori ƙunshi ya kawo mana. Farin yadi ne, kamu takwas cif, da saƙon baki: a yi sauri, kada a sa shi jira. Baba yana da rai lokacin, ya sa aka buɗe a gabansa, ya shafa yadin da yatsa ya ce mai kyau ne. A cikinsa muka binne shi. Yaya ya bi shi bayan shekara tara, ba su gana ba.

Shekara guda bayan rasuwar Yaya aka tura ni duba makarantu a Managil. Bas ɗinmu ta lalace, na zauna a garejin wani Bahaushe, Usman, mai furfura da baƙin mai har gwiwar hannu. Hira ta kai mu ga inda ya koyi aiki, ya ce a kamfanin tayyara, na wani mukawil da ya taɓa karɓar aikin ceto a bahar. Na ajiye kofin shayi. Na ba shi labarin tun daga farko, har da jallabiya, abin da ban taɓa gaya wa baƙo ba. Na tambaye shi ko matuƙansu sun taɓa cewa sun ga mutane a wani tsibiri kudu da Sinja suna kaɗa riguna.

Ya tambaye ni kalar tayyarar. Na ce rawaya. Ya tambaya ko tana da dogayen ƙarafa a gefe. Na ce tana da su, ta nan ake hawa.

Ya goge hannu da tsumma. Ya ce tayyarar ceto fara ce, kuma a waccan daminar tana cikin akwatuna a tashar jirgin ruwa, ba a haɗa ta ba sai bayan an girbe dawa. Ƙarafan da na gani bututun feshi ne.

"Wannan ta tsuntsaye ce, Malam," in ji shi. "Ta kashe jan-baki a gonakin dawa. Kujera ɗaya gare ta."